Hujin saman kunne mai sanda: yadda ake yin sa da yadda ake jinyarsa

Tun da wannan kwalliya ta fara yawo a TikTok da Instagram, tambayoyin da 'yan'uwa mata suke ta yi mini kusan iri ɗaya ne: a ina ake yi, nawa ake kashewa, kuma me ya sa kunnen wance ya kumbura har ya yi tsiro. Hujin da ake magana a kai shi ne wanda ake huda saman kunne wuri biyu, ɗaya ta gaba kusa da kai, ɗaya ta baya can gefe, sannan a zura miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe guda ɗaya ta ratsa su duka. Idan kin je shago, indastiriyal za ki ce su gane.

Kada ki auna shi da hujin da aka yi miki kina jaririya. Ƙasan kunne nama ne mai taushi, jini yana zagaya shi sosai, cikin mako 6 zuwa 8 ya warke. Saman kunne kuwa guringuntsi ne, ba shi da jijiyoyin jini na kansa, daga siririyar fatar da ta lulluɓe shi yake samun abinci. Shi ya sa wannan huji yake ɗaukar wata 6 zuwa shekara guda, wani lokaci har ya zarce. Ga shi kuma ciwo biyu ne a jikin ƙarfe ɗaya, kamar awaki biyu a igiya ɗaya: wannan ta ja, waccan ta ji a wuyanta. Batun hukuncinsa a addini da yardar iyaye ko maigida, ki gama da shi kafin ki fita daga gida.

1. Fara duba jikinki

Tambaya ta farko ita ce ta tabo mai tsiro, wanda likitoci ke kira kiloyid. Ki duba jikinki da kyau: wurin allurar rigakafi a damtse, tsohuwar ƙuna, wurin tiyata, ƙirji da kafaɗa inda ƙuraje suka taɓa fitowa, da bayan hujin kunnenki na farko. Idan akwai tabon da ya tashi ya yi tauri, ya wuce girman ciwon da ya haifar da shi, to ki haƙura da wannan huji. Haka nan idan mahaifiyarki ko yayarki tana da shi, domin yana bin jini, kuma ya fi kama masu baƙar fata. Kunne na cikin wuraren da ya fi so. Babu ƙwarewar mai huji ko tsadar ƙarfe da za ta kare ki daga wannan.

Mai ciwon suga, mai sikila, mai shan maganin tsinka jini da mai matsalar zuciya, su ga likita tukuna. Mai juna biyu ta bari sai ta sauka lafiya. Mai goyo ma ta yi tunani, don hannun yaro ɗan wata 8 ba ya ganin abu mai ƙyalli ya ƙyale. Ki tabbatar kuma allurarki ta tetanus ba ta tsufa ba, kuma kin yi rigakafin ciwon hanta nau'in B.

2. A duba siffar kunnen

Ba kowane kunne ne yake karɓar wannan sanda ba, kuma a nan ake gane mai huji na gaskiya. Ana bukatar bakin kunnen na sama ya naɗo sosai, ya yi tudun da zai riƙe ƙarfe ta gaba da ta baya. Sannan tsakiyar kunnen, shimfiɗaɗɗen wurin da sandar za ta bi ta kansa, kada ya taso har ya taɓa ta. In ya taɓa, sandar za ta dinga gugar wurin tana cin fata a hankali, har ta bar zane ko ta nutse ciki.

Ƙwararre zai kama kunnen ya juya shi, ya ɗora sanda a kai ya gwada kafin ya ce komai. Zai iya ce miki na hagu ya yi, na dama bai yi ba. Zai iya cewa duka ba su yi ba, ya ba ki shawarar huji biyu dabam-dabam da siririyar sarƙa a tsakaninsu. Ki karɓi shawarar. Wanda ya ce “kowane kunne ana yi” tun bai duba naki ba, kuɗinki yake kallo.

Kunne ɗaya za ki yi, kuma wanda ba kya kwanciya a kansa. Kada ki yi biyun a lokaci guda, ba za ki sami gefen barci ba.

3. Zaɓen lokaci

Kuskuren da na fi gani shi ne na amare da ƙawayen amarya. Biki saura mako 2 ko 3 a je a yi huji don hoto, ranar kamu kunne yana tsakiyar kumburi, ga mai ɗaurin gwaggwaro ta ja ta matse, ga hoda da feshin gashi suna sauka a kan ɗanyen ciwo. In don biki ne ko sallah, ki ba da tazarar aƙalla wata 6. Zafin bazara da zufarsa suna ƙara wahalar makonnin farko, don haka lokacin sanyi ya fi sauƙi, in dai za ki kare kunnen daga ƙurar hunturu da mayafi marar nauyi.

4. Zaɓen wurin huji da tambayoyin da za ki yi

Ki je ki ga wurin kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ba tare da niyyar yi a ranar ba. Ki tambayi abu huɗu.

Da me ake hudawa? Amsar da za ki yarda da ita ɗaya ce: sabuwar allura mai rami a ciki, wadda ake ɓarewa daga ledarta a gabanki, a jefar bayan an gama. Gargaɗi: bindigar huda kunne da ake amfani da ita a kemis da shagon kitso ba ta guringuntsi ba ce. Barima ce marar kaifi take cusawa da ƙarfi, tana farfasa guringuntsin, kuma jikinta roba ne, ba ya shiga na'urar kashe ƙwayoyin cuta. Shafa mata sifirit ba ya hana ta ɗaukar ciwon hanta daga wani kunne zuwa wani.

Da me ake tsabtace kayan aiki? Ki nemi ganin otokilef, na'urar da ke dafa kaya da tururi mai matsi a zafin digiri 121 ko 134. Tafasa ƙarfe a tukunya, ko ƙona shi da ashana, ko jiƙa shi a Dettol, duk ba su kai ba. Ita sandar ma sai ta bi ta cikin na'urar kafin ta shiga kunnenki.

Ina hotunan aikinsa? Ba wanda aka ɗauka a ranar huji ba, kowane huji yana da kyau a ranar farko. Ki ce a nuna miki wanda ya yi wata 8 ko shekara.

Idan matsala ta taso, zan iya dawowa a duba? In ya yi ɗan jim kafin ya amsa, ki nemi wani wurin.

5. Sandar da za a fara sa miki

Kaurin da aka saba shi ne milimita 1.6, wanda a takarda ake rubuta 14G. Tsawon yakan kama daga milimita 32 zuwa 38, gwargwadon faɗin kunnenki, kuma da gangan ake sa wadda ta ɗan fi tsawo domin kumburi ya sami wurin zama. Ƙarfen da ya fi dacewa shi ne taitaniyom irin wanda ake dasawa a jikin mutum, mai lambar ASTM F136. Bayansa sai baƙin ƙarfe na tiyata mai lambar ASTM F138, amma shi yana da sinadarin nikel a ciki. Idan ɗan kunnen kasuwa ko maɓallin wandon jins yana sa miki ƙaiƙayi da ƙuraje, jikinki ba ya shiri da nikel, ki tsaya a kan taitaniyom. Zinare yana yi in karat 14 zuwa 18 ne, kuma na gaske ne, ba wanda aka yi wa wanka ba. Azurfa ba ta shiga ɗanyen huji, tana iya rina fatar ta yi baƙi har abada.

Ki duba bakin sandar. Mai kyau bakinta sumul yake, ƙwallon da ake murɗawa a bakinta don ya tare ta ne yake da ɗan tsinken da ke shiga cikinta. Wadda zaren murɗi yake a jikin sandar kuwa, duk shigarta da fitarta sai ta kankare cikin ciwon. Sanda mai kibiya, mai fure a tsakiya, ko mai sarƙa tana lilo, ki adana ta sai an warke.

Wasu masu huji sukan sa gajerun ƙarafa biyu dabam, sai an warke a haɗa da doguwar. Jinya ta fi sauƙi haka, amma ramukan suna iya warkewa ba su kalli juna daidai ba, doguwar sandar ta ƙi zama. Ni na fi karkata ga sanda ɗaya tun farko, in dai kunnen ya dace kuma za ki iya kiyaye shi daga matsi.

6. Lissafin kuɗi

Farashi ya bambanta daga gari zuwa gari da shago zuwa shago, amma abubuwan da za ki biya ba sa canzawa. Akwai kuɗin aiki, kuma wurare da yawa huji biyu suke lissafa shi. Akwai kuɗin sanda, wanda sau da yawa dabam yake, taitaniyom kuma ya fi baƙin ƙarfe tsada. Akwai ruwan wanke ciwo da gozi, wato ƙyallen goge ciwo na asibiti, na wata da watanni, da matashin wuya, da sanda ta biyu da za a sauya miki daga baya, da kuɗin motar komawa a duba. Ki tambayi jimilla kafin ki zauna a kujera. Ki kuma ajiye wani abu a gefe na ganin likita. Wadda kuɗinta bai wuce na hujin kaɗai ba ta ƙara tari, domin in za a rage kuɗi, ba a kan allura da ƙarfe ake ragewa ba.

7. Ranar huji

Ki yi kitsonki kwana 2 kafin ranar, wanda zai janye gashi daga kunnen kuma zai daɗe, kamar shuku ko duk wanda ya tafi baya, amma kada a ja gefen da ƙarfi. Ki ci abinci ki ƙoshi, ki sha ruwa, kada ki je da azumi. Kada ki sha asfirin don gudun zafi, yana ƙara zubar jini. In kuma likita ne ya ɗora ki a kansa, ba ke za ki dakatar ba. Ki sa riga mai maɓalli ko mai faɗin wuya, ki tafi da gyale maimakon hijabi mai matse fuska.

Mai huji zai wanke hannu, ya sa safar hannu, ya goge kunnen, ya ɗiga alama biyu. Ki karɓi madubi ki duba, kuma ki ce ya ɗora sandar a kan alamomin ki ga ba ta kwanta a kan tsakiyar kunnen ba. Wannan ne lokacin magana, bayan allura ta shiga babu gyara. Zai ce ki ja numfashi, ya huda yayin da kike saki. Za ki ji zafi mai kaifi da ɗan ƙara kamar an ɓalla abu, wannan guringuntsi ne, ba wata matsala ba. Na biyun ya fi na farko zafi a wajen yawancin mutane. Daga nan a zura sanda, a murɗa ƙwallo. Ki zauna minti 10 kafin ki miƙe, ko da kina jin garau.

8. Wanki na kullum

Abu ɗaya kike bukata: ruwan gishiri na asibiti, mai kashi 0.9 cikin ɗari. Ki karanta jikin kwalbar, gishiri da ruwa kawai ya kamata ki gani. Na feshi wanda aka yi don wanke ciwo ya fi sauƙi. In ba ki samu ba, ki ce wa mai kemis nomal salin, irin na ƙarin ruwa, ki sayi ƙananan robobi, domin da zarar an buɗe ya daina zama tsarkakakke, bayan kwana ɗaya ki zubar da saura. Ruwan wanke gilashin da ake sawa a cikin ido da na ɗigawa a hanci ba su ne ba. Haɗin gida kuma ba na ba da shawararsa: giram 9 ne a lita guda, hannu ba ya auna wannan daidai, gishirin yakan yi yawa ya busar da ciwon.

Sau 2 a rana ya isa. Ki wanke hannu da sabulu. Ki jiƙa ramukan, gaba da baya, wato wuri huɗu ke nan. Ki jira minti ɗaya ɓawon ya yi laushi, ki share abin da ya saki da gozi mai tsabta, wanda bai saki ba ki bar shi. Sannan ki busar da wurin da sabon gozi ko tishu mai kauri. Auduga tana barin zare a jikin ƙwallo, tawul kuma yana kama sanda ya fizge ta. Ki kula da lungun da ke ƙarƙashin naɗin kunnen na gaba, nan ruwa yake maƙalewa, danshi kuma shi ke kawo ƙurji.

Gargaɗi, kuma a nan aka fi ɓata kunne: kada ki juya sandar, kada ki ja ta gaba da baya. Abin da iyayenmu suke faɗa na a dinga murza ɗan kunne kada ya manne, a wannan huji ɓarna ce, kina yaga sabuwar fatar da ke tsirowa a cikin ramin ne. Kada ki sa sifirit, aidin, Dettol, man zafi, basilin, man kaɗanya, man shanu ko man goge baki. Masu zafin suna ƙona sabon nama, masu maiƙon suna toshe iska su tara ƙura. Kada kuma a fasa kafso a barbaɗa garin a kai.

9. Ɗankwali, hijabi, barci da sauran abin da ke taɓa kunne

A ganina wannan mataki ya fi wankin muhimmanci, domin yawancin hujin da ya lalace matsi ne ya lalata shi, ba datti ba. Shigarmu ta kullum kuwa a kan saman kunne take zama.

Ɗankwali ki ɗaura shi ya bi ta saman kunnen ko ta bayansa, kada bakinsa ya hau kan sandar. Hular da ake sawa a ƙarƙashin hijabi ita ce babbar mai laifi, robarta daidai kan ramin gaba take kwanciya, tun safe har yamma tana danna shi. Ki ajiye ta na wasu watanni, ko ki sami marar roba ki tura ta bayan kunne. Hijabi ki zaɓi mai sakin fuska, na yadi mai santsi. Leshi da mayafi mai raga ko duwatsu suna kama ƙwallon. In za ki cire hijabi, ki sa tafin hannu ki rufe kunnen, ki zare da ɗaya hannun a hankali. Igiyar niƙabi, ta takunkumi da ƙafar tabarau, duk ki duba inda suke bi. Abin da yake taɓa kunnen kuma ya zama wankakke, ana sauya shi kullum ko bayan kwana biyu.

Barci: ki sayi matashin wuya irin na matafiya, mai rami a tsakiya, ki kwanta kunnen yana cikin ramin. In babu, ki naɗe zane mai tsabta kamar gammo. Kwana a kan sandar yana karkatar da ramukan, in suka karkace kuma ba sa komawa. Rigar filo a sauya ta sau 2 a mako.

Waya ki koma ɗaya kunnen, babban abin jin sauti mai rufe kunne ki ajiye shi. Wajen kitso ki gaya wa mai kitso tun kafin ta fara, ki riƙe kunnen da hannunki idan ta zo gefen, don mataji in ya shiga bayan sanda sau ɗaya ya mayar da ke baya da wata guda. Man gashi, shamfu, rilaksa da lalle kada su zauna a kan ramin, in sun taɓa ki ɗauraye da ruwa mai tsabta. Wajen alwala, shafar kunne sunna ce a mazhabar Malikiyya, shafa mai sauƙi da yatsu masu tsabta ta wadatar, ba sai kin cusa yatsa ƙarƙashin sandar ba. Wajen wanka ki bar ruwa ya bi ta kai, sannan ki busar. Iyo a tafki, rafi ko kwamin ninƙaya, babu shi a watannin farko.

10. Abin da ba komai ba ne, da abin da yake na asibiti

A makonni 2 zuwa 3 na farko, kumburi, ɗumi, zogi da ɗan jini duk ana sa ran su. Farasitamol ya isa. Farin ruwa ko mai ɗorawa-ɗorawa da ke bushewa ya zama ɓawo a jikin sanda ba mugunya ba ce, zai yi ta fitowa har watanni. Idan kumburi ya cika sandar har ƙwallo ya fara nutsewa cikin fata, ki koma a ranar a sa miki mai tsawo.

Ƙaramin ƙurji ja mai taushi a bakin ramin ya zama ruwan dare a wannan huji. Ba kiloyid ba ne, alama ce cewa wani abu yana takura wurin. Ki bincika: kin kwana a kai, hula tana danna shi, wanki ya yi yawa, ko ƙarfen ne bai karɓe ki ba. In aka cire dalilin, yakan sauka da kansa cikin makonni. Kada ki matse shi, kada ki ɗaure shi da zare. Kiloyid kuwa yakan fito ne bayan watanni, yana da tauri, yana ƙaiƙayi, yana ci gaba da girma ya wuce bakin ramin. Wannan na likitan fata ne, kuma allurar da ake yi masa ta fi aiki tun yana ƙarami. Kada ki bari wanzami ya yanke shi, yanka kaɗai yakan sa ya dawo ya fi da.

Na gaggawa shi ne wannan: saman kunnen gaba ɗaya ya yi ja ya kumbura, yana zafi ko iska ce ta taɓa shi, ƙasan kunnen kuma lafiyarsa lau, ga mugunya mai kauri kore ko mai wari, wataƙila da zazzaɓi. Cuta ce ta shiga fatar da ke ciyar da guringuntsi, kuma ƙwayar da ta fi jawo ta ita ce Pseudomonas aeruginosa. Ampiclox da Amoxicillin da ake saya a kemis ba sa kashe ta, kwanakin da za ki ɓata kina shan su kuwa guringuntsin yana mutuwa ne, in ya mutu kunnen ya lanƙwashe ke nan, sai tiyata. Ki nufi asibiti a ranar, wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro in da hali. Yawanci maganin dangin Ciprofloxacin ake bayarwa, wani lokaci sai an tsaga an fitar da mugunya. Kada ki zare sandar da kanki a gida, ramin zai iya rufewa da mugunya a ciki. Likita ne zai ce a cire ko a bari.

11. Rage tsawon sanda da sauya ta

Bayan mako 6 zuwa 8, in kumburi ya sauka, ki koma a duba ko sandar ta yi miki yawa. Rarar da ta fito waje ita ke kama gashi da mayafi. Mai huji ne zai sauya, ba ke ba.

Wajen wata na 3 ko na 4 kunnen zai daina ciwo, ki ɗauka an gama. Bakin ramin ne ya warke, cikinsa ɗanye ne. Alamar warkewa ita ce a yi watanni 2 a jere babu ɓawo, babu ja, babu zafi ko an taɓa, bakin ramin ya yi sumul ya ɗan shige ciki. Sauyin farko bayan warkewa ma a yi shi a shago, ki kalli yadda ake yi: ana kwance ƙwallo ɗaya, a zare a hankali, sabuwar ta bi layin da tsohuwar ta bi ba tare da an tanƙwara kunnen ba. Sabuwar ta zama kaurinta da tsawonta ɗaya da wadda aka cire. Kada ki bar ramukan babu komai ko na dare ɗaya a shekarar farko, suna tsukewa da sauri. Lokaci-lokaci kuma ki taɓa ƙwallayen da hannu mai tsabta ki ji ko sun saki, ki ƙara murɗa su, ki ajiye guda ɗaya na ko-ta-kwana a jakarki.